Fuskar Baba a Bangon Ojoo

"Ƙara masa girma," in ji Yaya Kamal, yana ƙwanƙwasa fuskar kwamfutar da farce. "Sunan nake nufi. Alhaji Babandi Mai Goro. Ya cika faɗin takardar."

"Yaya, in sunan ya cika faɗin, lambar wayar za ta gangara ƙasa ta matse."

"Ta matse mana. Wa zai kira lamba bai san uban wa ake nema ba? Sannan ina sunayenmu? Ki jera mu a ƙasa, ni, da su Sharfuddeen na Kano, da ke. A san mutum ne mai 'ya'ya, ba wanda aka tsinta a bakin tasha ba."

Mardiya ta ja sunan ya faɗaɗa. Ba ta da ƙarfin musu. Tun ranar da mahaifinsu ya fita sallar asuba bai dawo ba, bakinta ya yi nauyi, kowace kalma sai ta yi kamar ana jawo ta daga ƙasan rijiya. Masallacin a bakin layinsu yake a Sabo, unguwar Hausawa a Badun, kuma duk da mantuwar da ta daɗe tana cin kansa, ƙafarsa ba ta taɓa ɓata wannan hanyar ba. Ranar nan ta ɓata. An yi cigiya a lasifikar masallaci, an je wajen 'yan sanda, an leƙa asibitoci. Shiru. Shi ne yayanta Kamaluddeen, mai sayar da albasa a kasuwar Shasha, ya ce tunda aikinta ke nan, ta haɗa fosta a liƙa a gari.

Lahadi ce. Layin masu buga takardu na Mokola duk a rufe yake, in ban da shagon da take aiki, wanda ogan ya bar mata makullinsa. Injinan da kullum suke girgiza ƙasa sun yi tsit, sai warin tawada da ƙarar fankar da ke saman kansu.

Hoton da Yaya Kamal ya zo da shi daga bangon falo ya ciro shi. An ɗauke shi shekarar da Baba ya dawo daga Makka: babbar riga ta farar shadda da aiki har ciki, hula ta zauna daram, kumatu cike, fata tana sheƙi. Mai hoton ya sa shi ya ɗan juya, yana kallon sama ta gefen hagu, kamar mai hango wata daula.

"Yaya, hoton nan ya daɗe fa."

"Ba shi ba ne a jiki?"

"Shi ne."

"To, shi ke nan."

Da wani ne ya kawo mata wannan aikin, ta san abin da za ta faɗa masa. Ta sha faɗa wa masu gidan abinci da masu makarantun kuɗi da 'yan takarar kansila cewa ido ba ya bin takarda layi-layi. Wuri ɗaya yake fara sauka, inda ya fi girma, ko inda ya fi haske, ko inda fuskar mutum take. Daga nan kai ne za ka kama hannunsa ka kai shi wuri na biyu. In ka bar komai yana ihu, ba wanda za a ji. Wanda ke bayan babur ɗin okada ƙiftawa ɗaya gare shi, to me kake so ya wuce da shi? Ta kuma san cewa idon da ke cikin hoto yana jan idon mai kallo, duk inda ya duba nan za a duba. Idon Baba a wannan hoton kuwa ya fice daga takardar gaba ɗaya, ya bar lambar wayar ita kaɗai a ƙasa.

Ta sani. Amma ta bar hoton yadda yake.

"Ba za ki ɗan yi masa ado ba? Ya yi fayau haka," in ji shi. "Mutumin da ya ciyar da rabin Sabo."

Ta buɗe ma'ajiyar kayan adonta a kwamfutar, hannunta ya tafi da kansa. Zagaye mai ruwan zinare. Baya mai duhu, shuɗi mai kama da sararin magariba. Shekarunsa cikin ƙaramar da'ira a kafaɗarsa.

"Yauwa. A sama kuma ki sa Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Musiba ce ta same mu, a fara da komawa ga Allah."

Ta sa, da rubutun Larabci mai lanƙwasa. Maganar cigiyar kanta, da Hausa da Yarbanci da Turanci, sai ta samu ɗan siririn wuri tsakanin sunan Baba da sunayen 'ya'yansa. Da takardar farko ta fito daga firinta da ɗuminta, Yaya Kamal ya riƙe ta da hannu biyu ya daɗe yana kallo.

"Wannan shi ne Baba," ya ce a hankali.

Suka liƙa a Sabo, da Mokola, da ƙofofin Shasha, da tashar Ojoo inda motocin arewa suke lodi. Ojoo ɗin Mardiya ce ta nace, domin tun da ciwon ya yi ƙarfi ba ranar da Baba ba ya tambayarta, "Motar Kano ta cika?" Ya zo Badun yana saurayi a saman buhunan goro, ya yi aure a nan, ya binne matarsa a nan, amma da kansa ya fara zubar da shekaru, na ƙarshe ya fara zubarwa, sai ya koma yaron da ke jiran mota.

Daga nan sai jira.

Gidan nasu ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, ita da shi kaɗai. Ba ta taɓa sanin yana da faɗi haka ba. Matan layi sun yi ta shigowa jaje, su zauna a tabarma, su ce Allah Ya bayyana shi, su sha ruwa, su tashi domin kowace ta bar tukunya ko ciniki a gida. In sun fita sai shirun ya dawo ya zauna a inda suka tashi. Da safe takan tsinci kanta ta dama koko kofi biyu. Takan tsaya da na biyun a hannu a ƙofar ɗakinsa, tana kallon buzun sallarsa da rediyon da ba wanda ya kunna, har kokon ya yi fata a sama.

Mutane suna ganin ita ce take riƙe da Baba. Samarin da suka yi ta sallama a ƙofar gidan sun ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, da suka gane duk wanda zai ɗauke ta sai ya haɗa da tsohon da ke tambayar mota. Na ƙarshensu ita ce ma ta tsara masa katin ɗaurin aurensa da wata, ta zaɓa masa launi mai kyau, ta yi masa ragi. Ba ta yi kuka ba a lokacin, domin in ta dawo gida akwai wanda zai ɗago kai ya dube ta, ko da bai san sunanta ba. Yanzu ta gane shi ne yake riƙe da ita.

Wayar tana hannunta ko banɗaki za ta shiga. Ta ƙure ƙararta. Wani lokaci takan kira lambar tata da wayar maƙwabciya don ta tabbatar tana shiga. Tana shiga. Ba mai kira ne kawai.

Damina ce, ruwa yana ɗaye takarda daga bango. Ranar da aka kwana biyu ana tafkawa, ta ɗauki ragowar fostocin da robar sitaci da buroshi, ta hau keke mai ƙafa uku zuwa Ojoo don ta sake liƙawa.

Tashar tana nan yadda take: 'yan kamasho suna kiran Ilori da Kaduna da Kano, hayaƙin mota, taɓo, masu tallar burodi suna bin tagogi. A jikin dogon bangon da ke kusa da ƙofar shiga, fostar Baba ta saki gefe ɗaya tana lilo. A gindin bangon wata dattijuwa Bayarabiya tana gasa boli, wato ayaba, tana juya ta a kan wayar gashi da yatsu. Mardiya ta gaishe ta da Yarbanci, wanda ta tashi da shi a baki kamar Hausa, ta nemi izinin ta taka bencinta.

Ta shafa sitaci, ta manna sabuwa a kan tsohuwar, tana lallashe ta da tafin hannu.

"Pele o, omo mi," in ji matar. "Sannu. Mahaifinki ne?"

"Shi ne, Mama."

"Ayya. Allah Ya ba shi masauki mai kyau. Ya bar 'ya'ya, ya gode Allah. Yaushe za ku yi addu'ar kwana takwas ɗin? Ban ga kun rubuta wurin taro ba."

Hannun Mardiya ya tsaya a kan takardar.

"Mama, bai rasu ba. Ɓata ya yi. Nemansa muke."

Matar ta saki ayabar da ke hannunta. Ta miƙe, ta goge hannu a zani, ta matso har hancinta ya kusa taɓa bangon. Ta dubi hoton, ta dubi Mardiya.

"Nema? To me ya sa kuka yi masa irin ta matattu?"

Mardiya ta sauko daga bencin. Ba ta san lokacin da ta tsallaka titin ba, wani ɗan okada yana zaginta da Yarbanci yana tambayar ko ita ma fosta take so a yi mata. Ta tsaya a ɗaya gefen ta juyo, ta yi abin da take yi a shago in tana son ganin abin da baƙon ido zai gani: ta runtse ido rabi, har rubutu ya narke, ya rage siffa da launi kawai.

Sai da ta neme shi. Ita da ta haɗa fostar, ita da ta liƙa ta yanzun nan, sai da idonta ya zame ta kansa ya wuce.

Bangon cike yake da taron coci da 'yan siyasa da masu maganin basir. A tsakiyarsu kuma ga layin mamata. Yarbawa in babba ya rasu sukan buga hotonsa mafi kyau, cikin manyan kaya, a zagaye shi da zinare, shekarunsa a da'ira, 'ya'ya da jikoki a jere a ƙasa. Musulminsu su ɗora Innalillahi a sama. Ga wata tsohuwa da ɗaurin kai kamar fure, ga wani tsoho da sandar girma, ga Baba a tsakaninsu, kansa ɗaya da nasu, yana kallon sama kamar wanda ya riga ya hango inda za shi. Ido in ya ga abubuwa masu kama da juna a jere, tattara su yake yi ya ba su suna ɗaya ya wuce. Wannan ma ta sani. Ta sha koya wa wasu.

A Sabo ba a yi wa mamaci fosta. A yi masa wanka, a sallace shi, a kai shi kafin rana ta juya. Shi ya sa Yaya Kamal bai gani ba, shi ya sa duk wanda ya tsaya a Sabo ya karanta ya ce kai, an fito da Alhaji. Amma ita? Rabin aikin da take yi a Mokola na mamatan Yarbawa ne. Zinaren nan, shuɗin nan, da'irar nan, daga nan ta ɗauko su. Hannunta ya bi hanyar da ya saba, ita kuma tana can cikin kukan da ba ta yi ba.

Ta dawo wajen mai bolin. Matar ta janyo ta ta zaunar a benci, ta tura mata ruwan leda.

"Sha. Ai ba a gawa kika gan shi ba. Tsoffi suna ɓata a nan kullum. Ko shekaranjiya wani baban Hausa ya zauna a nan inda kike, na ba shi boli da gyaɗa."

"Wane iri ne?"

"A'a, ba naku ba ne. Naku babban mutum ne. Wannan siriri ne kamar tsinke, jallabiya duk taɓo, kansa ba hula, fari tas. Amma ya iya Yarbanci, irin na da, na mutanen kirki. Sai tambayata yake ko motar Kano ta cika."

Ruwan ya zube a cinyar Mardiya. Ta lalubo wayarta, ta yi ta ja har ta kai kan wani hoto da ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Ta miƙa.

"Haa!" Matar ta dafe ƙirji. "Baba yi ni! Shi ne! Ga tabon nan ma a saman kunne!"

"A nan ya zauna?"

"A nan. Ya jingina da bangon nan."

Mardiya ta ɗaga kai. Fostar tana daidai saman bencin. Ya zauna a ƙarƙashin sunansa, a ƙarƙashin lambar wayarta, ya ci ayaba, ya yi godiya, da ruwa ya sauko ya tashi ya bi ta wajen gada. Ba wanda ya haɗa fuskar sama da ta ƙasa. Watakila shi kansa ya ɗaga kai ya ga Alhajin, ya yi masa addu'a.

Ta zagaye tashar da wayar a hannu. Wani direba ya ce kamar ya gan shi. Wani mai shayi ya ce ya ba shi burodi, amma bai tuna ranar ba. Wasu ko kallon wayar ba su yi ba. Gilashinta a fashe yake, rana tana kashe haskenta, kuma mutum ɗaya take iya nuna wa a lokaci guda, a garin da ba a ganin ƙarshensa. Ta tsaya a tsakiyar taɓo da hayaniya, mutane suna bangazarta ta ko'ina, ba ta taɓa jin ita kaɗai ce a duniya kamar lokacin ba. Ta kira Yaya Kamal ta ce ya same ta a shago. Ta hau okada.

A shago injina suna ta aiki, ba wanda ya tambaye ta komai. Ta zauna a lungunta ta buɗe farar takarda.

Hoton na watan jiya ne. Yaya Sharfuddeen ya dame ta daga Kano a kan ta turo masa ya ga jikin Baba. Ta sami Baba zaune a tabarma a ƙofar ɗaki da rana, ya cire hula ya ajiye, sanye da jallabiyar nan ruwan ƙasa da ya fita da ita. Wuyansa ya zama igiyoyi. Tsohon tabon haɗarin mota, wanda hula ta rufe tsawon rayuwarta, yana kwance a fili cikin furfura. Ta ɗaga waya ta ce, "Baba." Ya ɗago ya dube ta kai tsaye, da ladabi, da ɗan murmushin da ake yi wa baƙo, ya ce, "Yarinya, 'yar wane gida ce ke?" A daidai nan yatsanta ya danna. Ba ta tura wa kowa ba. Ba ta kuma iya gogewa ba.

Yanzu ta jawo shi ta yanke daga kafaɗa zuwa sama, ta faɗaɗa har fuskar ta ci fiye da rabin takardar. Kallon da ya fi kowane kallo yi mata ciwo a duniya, shi ne kallon da duk baƙon da ya haɗu da shi a titi zai gani. Ta share tabarmar da bangon da ke bayansa, ta bar fari zalla, domin a bangon da kowa yake ihu da launi, farin wuri shi ne zai zama kamar taga. Ƙarƙashin haɓarsa ta sa layi ɗaya da ja, da Yarbanci: ku taya mu neman wannan baban. Hausar a ƙasansa. Sai lambar waya, baƙa, mai kauri, daga wannan gefe zuwa wancan. Sunansa ta sa shi ƙarami a can ƙasa. Ba zinare, ba da'ira, ba sunan ɗa ko ɗaya. Ido ya sauka a idonsa, ya gangara kan ja, ya faɗa kan lamba. Ba wata hanyar fita.

Ta buga guda ɗaya ta manna a ƙofar shagon ta waje, ta koma ciki ta zauna tana kallon titi ta gilashi.

Ta ga saukar Yaya Kamal daga keke a ɗaya gefen. Yana cusa canji a aljihu ya ɗago kai, sai ya tsaya cak a tsakiyar titi. Wata mota ta yi masa hon, bai motsa ba. Sai da mai motar ya leƙo ya yi masa tsawa sannan ya ƙaraso, ya ɗaye takardar daga ƙofar, ya shigo da ita a naɗe kamar yana ɓoye tsiraici. Warin albasa da gumi ya biyo shi.

"Mene ne wannan?"

Ta faɗa masa komai: mai boli, bencin, layin mamatan. Ya saurara yana tsaye. Da ta zo kan cewa Baba ya zauna a ƙarƙashin fostar, ya nemi kujera ya zauna, ya cire hularsa ya shafa kai, ya yi sauri ya mayar.

"Yana da rai ke nan," ya ce.

"Shekaranjiya dai yana da rai."

"Alhamdulillahi." Ya warware takardar kaɗan, ya leƙa, ya sake naɗewa. "To a cire zinaren. A cire Innalillahin, na yarda. Har sunayenmu a cire. Amma wannan hoton, Mardiya, a'a."

"Shi matar ta gane."

"Kin san ko waye wannan? Mutumin nan ni da na girme ki ban taɓa ganin ya taka ƙofar gida ba hula ba. Ranar da shagonsa ya ƙone, sai da ya tsaya ya sa hula sannan ya fita da gudu. Shi za ki liƙa a bangon tasha kai a buɗe, kusa da maganin basir? Dattawan Sabo su wuce su ce 'ya'yan Babandi sun tallata shi kamar mahaukaci?"

"Dattawan Sabo sun san fuskarsa, Yaya. Ba don su na yi ba."

"Ke ba ki zama a cikin maza. Ni zan shiga masallaci gobe."

Muryarsa ta karye a kan kalmar ƙarshe. Ta dube shi, sai ta ga ba faɗa yake yi ba. Shi bai zauna da Baba yana ba shi koko a baki ba. Yakan zo ran Juma'a, ya tarar an yi masa wanka an sa masa hula, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tafi da uban da ya sani. Yau ne ya fara haɗuwa da wannan tsohon, a tsakiyar titi.

"Ba ke ce gwanar kwamfuta ba?" ya ce, yana share ido da bayan hannu. "Kina sa wa amare gwal ɗin da ba su da shi, kina goge wa 'yan siyasa tumbi. Ki ciro hular wancan hoton ki ɗora masa a nan. Fuskar dai ai tana nan. Kowa ya samu."

Ba ta yi musu ba. Ta juya ta yanko hular daga hoton Makka, ta rage ta, ta karkata ta, ta zaunar da ita a kan furfurar, har da 'yar inuwa a goshi. Aiki ne mai tsabta, ba wanda zai ce ba a kansa aka ɗauka ba.

"Kin gani?" Fuskarsa ta saki. "Kin gani? Wallahi ya fi."

"Tashi ka koma bakin ƙofa, Yaya. Ka runtse ido kaɗan. Me ka fara gani?"

Ya je, yana gunaguni. Ya runtse.

"Hular," ya ce. "Aikin jikinta ya fito da kyau."

"Tabon fa?"

"Ai ta rufe shi."

"Farin kan fa?"

Ya sake duban fuskar kwamfutar.

"Mai boli ba ta ce mini ta ga hanci ko baki ba. Cewa ta yi fari tas, da tabo a saman kunne. Abin da ake gani daga nesa ke nan. Hular da ya fita da ita ta faɗi a wani wuri, Yaya. Wanda ke yawo a ƙarƙashin gadar Ojoo ba shi da hula."

"In ya dawo hayyacinsa ya ga abin da muka yi masa fa?"

"Ba zai dawo hayyacinsa ba." Ta ji hawayen da ta riƙe tun ranar farko sun taho gaba ɗaya, masu zafi, ba ta tare su ba. "Na daɗe da haƙura da wannan. Ban ce ya san ni ba. Ya tambaye ni 'yar wane gida ce ni kullum har in mutu, na yarda. Ina so dai in shiga gida in tarar da mutum."

Injin da ke bayansu ya ci gaba da bugawa, takarda tana faɗawa kan takarda. A waje hadari ya fara haɗowa ta gabas, masu talla suna janye kaya zuwa ƙarƙashin rumfa. Yaya Kamal yana tsaye a bakin ƙofa da naɗaɗɗiyar takardar a hannu, bai shigo ba, bai fita ba.

"Ni ne babba," ya ce, ba ƙarfi. "Ban amince ba."

Mardiya ta goge fuska da gefen mayafinta. Ta juya ga kwamfutar, ta taɓa hular, ta danna, ta ɓace. Furfurar ta dawo, tabon ya dawo, idanun nan masu ladabi suka sake dubanta kamar ba su taɓa ganinta ba.

"Ka yafe mini, Yaya, ka kuma yi fushi da ni in ka ga dama," ta ce, da ƙarfin da har mai kula da injin ya waiwayo. "Haka zan buga shi, ba hula. Kuma da hannuna zan liƙa shi a Ojoo kafin ruwan nan ya sauko."